Marubuta Masu Buga Littafi da Kuɗin Aljihunsu: Jawabin Kwamitin Ilimi a Taron Ƙungiya



 Kwamitin ilimi ne ya ɗora mana nauyin magana yau, kuma maganar tamu a kan littattafan Hausa ce, musamman waɗanda marubuta ke bugawa da kansu.

Abin da ya jawo maganar kowa ya san shi. Yaranmu a nan Dutsen Kura suna jin Hausa, da ita suke wasa, da ita suke ciniki a kasuwa. Amma ka miƙa wa yaro wasiƙar da kawunsa ya rubuto da Hausa, sai ka ji yana ta in'ina kamar an ba shi Larabci ba wasali. Mu da muke zaune cikin 'yan'uwanmu Gbagyi da Nufawa, nesa da Kano da Katsina, in ba mu tashi ba, to jikokinmu bakin Hausa kawai za su gada, ba alƙalaminta ba.

Kuma abin kunya ne a gare mu, domin jihar nan tana da hannu a kafuwar rubutun zube na Hausa. A Kagara aka haifi Alhaji Abubakar Imam a 1911. A gasar da aka shirya a 1933, shi ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuma ya rubuta Ganɗoki. A wancan zamani, da shekarun da suka biyo baya, marubuci ba ya ganin littafinsa a kasuwa sai hukuma ko babban kamfani irin na Zariya ya karɓa.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka fi karkata ga littattafan makaranta. To, a nan ne fa samari da matan aure, akasari a Kano, suka ce ba za su zauna jira ba. Mutum ya rubuta labarinsa da biro, ya kai wa mai tafireta, ya tara 'yan kuɗinsa ya nufi ƙaramar maɗaba'a. Sai ya raba labarin kashi-kashi, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Ya kai wa 'yan kasuwa su sayar, su biya shi daga baya. Har ƙungiya suka kafa mai suna Raina Kama, kuma sunan kaɗai ya isa ya gaya muku irin kallon da ake yi musu. Haka Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa. Masana suka sa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano.

Mun san wasu dattawa a nan za su ce ai littattafan soyayya ne masu ɓata tarbiyya. Ba yau aka fara wannan kuka ba, har ƙona wasu aka yi a Kano a 2007. Gaskiya ne akwai baragurbi a ciki, ba mu musa ba. Amma a duba Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Littafinta Wa Zai Auri Jahila? a kan auren dole da ilimin 'ya mace yake. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa labarin matar da miji ya kora ne da 'ya'yanta, ta tsaya ta riƙe su da sana'a. An fassara shi da Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Wane gida ne a unguwar nan bai san irin wannan labari ba? Ban da waɗannan, akwai na jarunta, na binciken masu laifi, na ban dariya. Akwai kuma waɗanda ba ƙage ba ne: tarihin garuruwa da malamai, koyon girki, kiwon lafiya, da zaman aure.

Yau harkar ta koma cikin waya. Marubuta da yawa suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook, kuma tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata marubuta. Ke nan yaranmu suna iya cin karo da mai kyau da marar kyau, mu ba mu sani ba. Hani kaɗai ba zai yi magani ba. Maganin shi ne mu riga su karantawa.

Saboda haka kwamiti yana roƙon abu uku. Na farko, duk ɗan kasuwarmu da ya je sarin kaya Kano ko Kaduna, ya taho wa ƙungiya da littafi ko da guda biyu ne, sayayye, domin marubucin nan da guminsa ya buga. Na biyu, a zaɓi malamai biyu da iyaye mata biyu su riƙa dubawa kafin a sa a akwatin aro, sannan duk Asabar bayan la'asar yara su taru a karanta a bayyane. Na uku, mu ma mu rubuta namu. Akwai tsofaffi a cikinmu da suka ji daga bakin iyayensu yadda aikin layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ya jawo Hausawa Minna. Kowace shekara muna binne wasunsu, labarin yana binsu kabari. Waɗanda muka ambata ba su jira kamfani ba. Mu wa muke jira?

Wanda ke da tsoho a gida, ya ga sakatare bayan an tashi, a sa ranar da matasa za su je da biro da takarda.

Allah ya ƙara mana haɗin kai, ya shirya mana zuriyarmu. Wassalamu alaikum.