Horar da Malaman Afganistan: Abin da Taron Bita Bai Iya Ba



Wannan lacca ta tsaya ne kan hanyar koyarwa da ke ba ɗalibi damar magana a cikin darasi, wato wadda malami ke rage yawan jawabi, ya raba yara rukuni-rukuni, ya bar su su yi tambaya, su gwada, su yi kuskure a gyara musu, da kuma yadda aka yi ƙoƙarin dasa ta a makarantun Afganistan tsakanin 2002 da 2021. Tarihin yaƙe-yaƙen ƙasar sananne ne ga mahalarta. Abin da ya kamata a riƙe shi ne alƙaluman hukumar UNESCO, waɗanda suka nuna yawan ɗalibai ya tashi daga kimanin miliyan 1 a 2001 zuwa kimanin miliyan 10 a 2018, kuma babu ƙasar da za ta iya samar da ƙwararrun malamai da irin wannan sauri.

Maganin da masu ba da agaji suka kawo shi ne taron bita. Ta hanyar shirin EQUIP na Bankin Duniya da shirin BESST na hukumar raya ƙasashe ta Amurka, aka bi tsarin horo na miƙa-miƙa, inda ake horar da 'yan tsiraru a Kabul, su horar da wasu a larduna, waɗannan kuma su tara malaman gundumomi na 'yan kwanaki su karanta musu abin da aka ba su. Nan ne mai wannan lacca ya daɗe yana saɓani da abokan aikinsa da ke auna nasara da yawan takardun shaidar da aka raba. Horon da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu yana raguwa a kowane mataki, har ya zama darasin da aka tsara don ya raba malami da dogon jawabi ya isa ƙauye a matsayin dogon jawabi, malamai na zaune suna kwafa. Ba a 2002 aka fara gwada shigo da dabarun koyarwa daga waje ba, domin tawagar Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolombiya ta yi aiki a ƙasar daga 1954 zuwa 1978, amma masu tsara sababbin shirye-shiryen ba su nuna alamar sun nazarci wancan zamani ba.

Malamin da ya koma daga bita yana tarar da aji cike maƙil, sau da yawa a ƙarƙashin tanti ko a fili, a makarantar da ke karatu kashi biyu ko uku a rana, ta yadda kowane rukuni ke samun sa'o'i kaɗan. Da yawa daga cikin malaman ba su kai aji na 14 ba, wato shekara biyu na kwalejin horar da malamai bayan sakandare, wanda shi ne mafi ƙarancin sharaɗin da ma'aikatar ilimi ta gindaya, kuma wanda bai ƙware a lissafi ba ba zai buɗe ƙofar tambaya ba, saboda tsoron kada yaro ya tambaye shi abin da zai kunyata shi. A saman wannan duka akwai jarrabawar Kankor ta shiga jami'a, wadda ke saka wa mai hadda, kuma iyaye sun san haka sarai.

Hujjar da ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce binciken da Dana Burde da Leigh Linden suka gudanar a lardin Ghor, aka buga a 2013. Sun ɗauki ƙauyuka 31 da yara kusan 1,500, aka yi ƙuri'a wajen zaɓar ƙauyukan da ƙungiyar agaji ta Katolika, CRS, za ta fara buɗe wa makaranta a 2007, sauran kuma suka jira shekara ta gaba. Amfanin ƙuri'a a bincike shi ne tana hana a ce ƙauyukan da suka samu makaranta dama can sun fi sauran son ilimi. Makarantun kansu ba su da wani gini na musamman, ɗaki ne a cikin gari, malamin ɗan yankin ne, manhajar kuma ta gwamnati ce. Sakamakon ya nuna cewa a cikin kowace ɗari ta 'yan mata an samu ƙarin kimanin 52 da suka shiga makaranta, a cikin maza kuma kimanin 35, makin jarrabawar lissafi da harshe ya tashi sosai, tazarar da ke tsakanin maza da mata wajen shiga makaranta kuma ta kau. Gaskiya ne binciken ya auna kusancin makaranta ne, bai auna dabarar koyarwa ba, sai dai darasinsa ya shafi dabarar kai tsaye. Ƙaramin aji, da malamin da ya san sunan kowane yaro da gidansu, yake kuma magana da harshensu, da iyayen da suka amince da shi har suka saki 'ya'yansu mata, su ne sharuɗɗan da ke sa yarinya ta ɗaga hannu ta yi tambaya. A ƙasar da ake magana da Dari da Pashto da Uzbek da Turkmen da wasu harsuna, batun harshen malami ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin da aka zuba a otal-otal na bita da an karkata shi ga irin waɗannan azuzuwa, tare da mai duba aiki da ke zuwa ya zauna a bayan aji ya tattauna da malami bayan an tashi, da an ga bambanci.

Akwai masu cewa wannan hanya baƙuwa ce da ba ta dace da al'adar Musulmi ba, amma zauren karatu na gargajiya, wanda mahalarta suka sani a nan gida, bai taɓa rasa tambaya da muraja'a tsakanin ɗalibai ba. Masu ɗaukar hadda a matsayin abokiyar gaba su ma sun yi kuskure, domin yaron da bai haddace jadawalin ninkawa ba ba shi da abin da zai tattauna a rukuni.

Tun da Taliban suka karɓi Kabul a ranar 15 ga Agusta 2021, an hana 'yan mata wuce aji shida, a Disamba 2022 kuma aka rufe musu jami'o'i. Illar wannan ga horar da malamai a fili take: yarinyar da ba ta gama sakandare ba ba za ta zama malama ba, kuma a yankuna da yawa iyaye ba sa tura 'ya mace ajin da namiji ke koyarwa, saboda haka haramcin zai ci har firamaren da aka bari a buɗe.

Shawarar wannan lacca ga masu ba da agaji ita ce a fara da ilimin malami na darasin da yake koyarwa kafin dabara, a mayar da horo cikin aji a tsawon shekara, a kuma ci gaba da biyan malamai mata da ke riƙe da azuzuwan ƙauye. Malaman addini da jami'o'in ƙasashen Musulmi kuwa, waɗanda muryarsu ta fi ta Turawa isa Kabul da Kandahar, wajibi ne su ci gaba da neman a buɗe wa 'yan mata sakandare da kwalejojin horar da malamai.