Hayaƙin Asid: Jawabin da anka yi a taron ƙungiyar ƴan Junju

 

Mu malaman lakwal ne, alli munka sani. Abin da ya sa munka miƙe yau shi ne wani tsohon ɗan ajinmu da ya koma gida bara da tarin da ke hana shi kwana. Aikinshi wanke zinari da asid cikin ɗaki rufe. Muna da ɗiya da yawa a wajen masu sayen zinari, da masu gyaran batir, da izin-izin na birane. Ya kamata su san abin da suke shaƙa.

Asid shi ne irin ruwan da ke cikin batirin mota. Ku dubi rufin kwanon shagon mai caja, yadda tsatsa ta huda shi. Abin da ya ci ƙarfe, ina ga huhun mutum? Mafi ha'inci shi ne jan hayaƙin da ke tashi in an zuba asid bisa zinari. Mutum ya shaƙe shi da rana, ya tashi lafiya lau, sai cikin dare huhu ya cika da ruwa.

Ƙasarmu ta daɗe da aikin asid. Kamfanin SOMAIR na Arlit ya soma fid da uraniyom a 1971. COMINAK na Akuta ya soma a 1978, anka rufe shi a 2021. Da asid ake narka dutsen, asid ɗin kuwa da farar wuta ake yin shi. Shekara da shekaru manyan motocin farar wuta suna fitowa daga Kwatano, su haye gadar Gaya, su bi Dosso zuwa arewa, har rufe iyaka na 2023 ya tsai da su.

To, yaya ake kama wanga hayaƙi? Iyayenmu mata sun san asalin dabarar: in tsami ya yi yawa, kanwa ke kashe shi. A izin ana gina doguwar hasumiya kamar rumbu, a cika cikinta da gutsattsarin roba. Fanka ta jawo hayaƙi ta ƙasa, famfo ya feso ruwa ta bisa, ruwan da anka gauraya da soda irin ta sabulu ko dangin kanwa. Hayaƙi na hawa, ruwa na sauka, gutsattsarin suna tsare su don su daɗe tare. Ruwa ya sha asid, soda ta mai da shi gishiri. A can bisa akwai raga mai tare ɗigon ruwa, sannan iska ta fita. Jan hayaƙin zinari ya fi wuyar kamawa, ruwa kaɗai bai isa ba.

Sai dai wanga injin yana bukatar kulawa kullum. In soda ta ƙare ko famfo ya tsaya, hasumiyar ta zama bututun banza. A Bhopal ta Indiya, daren 2 ga Disamba 1984, iska mai guba ta ɓalle daga wata izin ta maganin ƙwari. Akwai irin wagga hasumiya a wurin, amma ba ta cikin aiki a daren. Dubban mutane sunka mutu. Ruwan da anka wanke hayaƙi da shi kuma, ba a zub da shi kusa da rijiya ko fadama.

Ga roƙonmu. Mai neman aiki inda ake taɓa asid, ya tambaya ina hayaƙin ke fita, wa ke duba ruwan. Kada a yi aikin cikin ɗaki rufe. Ƙyallen rawani da takunkumin takarda ba su tare wanga hayaƙi. Wanda ya shaƙa, a kai shi likita ranar nan, ko da ya ce ya warke. In asid ya taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa minti 15 ko fiye.

Dattawa, ku faɗa ma ɗiyanku kafin su tafi, maganarku ta fi tamu nauyi. Ƴan kwamiti kuma su rubuta sunayen masu wanga aiki, mu san inda suke.

Allah ya tsare muna ɗiyanmu, ya maido su lafiya.