Jawabi a kan karyar da aka yi wa aiki da ramu 2



Wani ɗanmu mai gadi a Abijan ya kawo mana labari. Maigidansa ya zo da karya daga Faransa, shekara 4 ba ta haihu ba, kuma babu komi a cikinta sai ɗan tabo 2 da ba su kai farcen yatsa ba. Wasu suka ce magani ne aka ba ta. A'a, aikin likita ne.

Mu nan mun san dandaƙar bunsuru, domin abin namiji a waje yake. Na mace kuwa cikin ciki yake. A da, sai a tsaga cikin karya, a fidda mahaifa da jakunkunan ƙwai 2. Yanzu wasu likitocin bisashe, musamman a Turai da Amurka, suna yi mata allurar barci, su huda rami 2 ko 3, kowane bai wuce santimita 1 ba. Su hura iskar gas don ciki ya buɗe, su zura siririn bututu mai fitila da kyamara, suna kallon hanji a allon telebijin. Ta ɗaya ramin su ƙone jijiyoyin jini, su jawo jakunkunan ƙwan, galibi a bar mahaifa. Zafi kaɗan ne, ta warke da sauri. Amma kayan aikin na da tsada. Wanda rumbunsa bai kai shi damina ba, ba zai biya wannan ba.

To, mi ya kawo zancen a taronmu? Karya tana neman barbara kamar sau 2 a shekara, cikinta wata 2 ne. Mukan riƙe kwikwiyo ɗaya don gadin garke, sauran mu watsar bayan gari. Su ne ke bin ƴan lakwal da safe, mu malamai muna gani.

Amma ku ji da kyau: hana karya haihuwa ba ya hana haukan kare. Allurar rigakafi ce ke hanawa. Cutar na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma idan alamunta suka fito babu magani. A Injamena ta Cadi, a 2012 da 2013, an yi wa kare 7 cikin 10 allura, cutar ta ja baya ƙwarai.

Abin da muke roƙo, a fidda mutum 2 su tafi ma'aikatar kiwo su nemo mana ranar allura, mu haɗa kuɗin. Kafin nan, yaron da kare ya ciza, kada a tsaya shafa toka ko barkono. A wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi likita ranar nan, ko da ciwon ƙarami ne.