Ƙwarin da ke cin ganyen itatuwan garka

 

Maganar yau ta garakenmu ce na fadamar Korama, inda lemu da mangwaro da zogala suke rufa wa gidaje da yawa asiri. Icce da ganye yake ci. In ganye ya tafi, ɗiya ba za su zauna ba. Saboda haka mu san maɓarnatan tukuna.

Na ɗaya, tsutsar zogala. Ƙarama ce, tana kankare ganye har ya koma kamar tsumma, tana saƙa zare. In an girgiza reshe, sai ta sauko bisa zarenta.

Na biyu, tsutsar lemu. Tana ƙarama ta yi kama da kashin tsuntsu, in ta girma ta zama kore. Ita wannan hannu ya ishe ta: a tsince, a ba kaji. Akwai wata kuma mai shiga cikin tohon lemu, ta bar farin zane mai lanƙwasa.

Na uku, darɓa. Tana taruwa ƙarƙashin ganye tana tsotson ruwansa, ganye ya naɗe, ya yi danƙo, kiyashi su yi ta hawa. Dattawa ba su manta ba, ita ta yaɗa ciwon da ya kashe gyaɗa a 1975.

Magani kuwa yana ƙofar gidanmu. A samu busassun ɗiyan dogon yaro, a daka rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana. Kashegari a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece, sama da ƙarƙashin ganye, don rana tana rage mashi ƙarfi. A sake kowane mako. Ba ya kashe tsutsa nan take, hana ta ci yake yi, sai mu yi haƙuri. Zogalar da ta lalace ƙwarai, a sare ta, za ta yi sabon toho.

Ƴan ci-rani, ga roƙonmu. Ku daina aiko da fiya-fiya da kwalaben da ba su da rubutu. Ganyen da aka fesa yau, shi ake kwaɗawa ƴaƴanmu gobe. Gara ku haɗa kuɗi ƙungiya ta sayi famfon feshi. Wanda abin ya fi ƙarfinsa, ya kai ganyen ga malamin gona.

Mu riƙa juya ganye muna dubawa kowace safiya, tun ɓarna tana ƙarama.

Allah ya sa albarka a garakenmu. Wassalamu.