Kalmar "Culpable" a Takardar Kotu: Jawabin Sakatare a Taron Wata

 

Yau kalma ɗaya tak muka kawo, ta Turanci, wadda ba a jinta a kasuwar Jimeta, ko a bakin 'yan boko ma sai jefi-jefi: culpable. Ana faɗinta "kalfabul". Tushenta Latin ne, culpa, wato laifi. Ma'anarta abin da ya cancanci zargi, wanda alhakinsa ke wuyan mai yinsa.

Ga dalilin kawo ta. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo mana da takarda ajin yaƙi da jahilci. Ɗanta direba ne, ya buge mutum a hanyar Numan, rai ya yi halinsa. Wani ya karanta mata "culpable homicide", ya ce ai rataya ce. Kwana uku ba a ɗora tukunya a gidan ba. Ashe bai kai ƙarshen layin ba.

Dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewa a 1960, wadda aka kwaikwayo daga ta Sudan, ta raba irin wannan kisa gida biyu. Sashe na 221 shi ne "punishable with death", wanda hukuncinsa kisa ne. Sashe na 222 kuwa "not punishable with death" ne, ya ƙunshi kisan da ya auku saboda tsokana mai tsanani ko ganganci da sakaci, hukuncinsa ɗauri ko tara. Takardar yaron nan tana ɗauke da wannan ɗan "not". Harufa uku, jama'a, amma rai ne a cikinsu.

Sannan mu sani, abin da ɗan sanda ya rubuta tuhuma ce kawai. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, a ba shi tafinta kyauta. Bai tambayi ko kakanka ɗan Yola ne ko daga Kano ko Katsina ya zo ba. Mu dai mun cika jin kunyar cewa ba mu gane ba, sai mu dangwala yatsa. Kada wanda ya sa hannu a kan bayanin da ba a fassara masa ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai ofishin Legal Aid a Yola.

Duk wanda takarda ta zo masa, ya kawo ofishin ƙungiya bayan La'asar, mu karanta tare har ƙarshen layi. Wassalam.