Bayan Aska Ta Wuce: Yadda Za Mu Kula Da Fatarmu
Jawabin da aka gabatar a taron 'yan ƙungiya, Sabo, Ibadan

 

An ce in yi magana a kan aski, wato abin da ya kamata mutum ya yi bayan wanzami ya ɗauke askarsa. Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. To, ku dubi ƙeyar samarinmu da haɓar magidanta a kasuwa, ku ƙirga masu ƙuraje. Tun da aka kafa Sabo a 1916 wanzami yake tare da mu da zabirarsa, amma iskar nan ba irin ta gida ba ce. A nan akwai laima da gumi kusan duk shekara, fatar da aka kankare kuwa ba ta saurin bushewa.

Da farko mu san abin da aska take yi. Ba gashi kaɗai take ɗauka ba, tana kankare saman fata, ta bar 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani. Sannan gashinmu mai murɗewa ne. In aka aske shi ƙwal, bakinsa sai ya yi tsini, in ya fara tsirowa ya lanƙwaso ya soki fata. Jiki kuwa sai ya ɗauke shi kamar ƙaya, wurin ya kumbura. Asalin ƙurajen aski ke nan, ba sammu ba ne, ba kuma mugun hannun wanzami ba ne.

To me za a yi? Da an gama, a wanke da ruwa mai tsabta har sabulu ya fita sarai, a ƙarasa da ruwan sanyi. A tsane da tsumma mai tsabta, dannawa ake yi, ba gurzawa ba. Kada a yarda da tawul ɗin da ya goge kan mutum goma.

Sai alif, wanda wasu ke kira alam. Yana tsuke fata, yana tsayar da jinin ƙaramin yanka. A jiƙa shi, a shafa, a bari kamar minti ɗaya, a wanke, domin in ya kwana a fata yana busar da ita. Amma ku ji nan da kyau: kowa ya riƙe nasa a aljihu. Dunƙulen da ya taɓa jinin wani bai kamata ya taɓa yankanka ba. Sifirit kuwa, zafin da yake yi ba shi ne magani ba, yawansa ma tsattsage fata yake yi.

Daga nan sai mai. Man kaɗanya, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira ori, ya wadatar, ga shi da araha. Kaɗan za a shafa, musamman da damina, don yawan mai da gumi suna toshe ƙofofin gashi. Da hunturu ana iya ƙarawa. A ranar aski a sa hula wankakkiya. Masu acaba da masu dako, ku riƙa wanke cikin hular kwano da gammo.

Wanda ƙuraje suka riga suka kama, ya huta da aska na wasu makonni, ya riƙa rage gashin da almakashi, ya riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. In zai koma aski, a jiƙa gashin sosai, a bi yadda ya kwanta, kada a ja fata ta miƙe. Don Allah a daina matsa su da farce, a daina shafa man birki ko man bilicin. In ƙurajen ƙeya suka fara haɗewa suna yin tudu mai tauri, ko suna fitar da mugunya, a je asibiti da wuri. Ga UCH nan kusa da mu, akwai likitocin fata. Mai ciwon suga kuwa, ko ɗan yanka ne kada ya raina.

Yanzu ga babbar magana. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a busasshen jini a bakin aska ba ta mutu ba, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum. Goga aska a tafin hannu ko a fata ba ya kashe ta. Saboda haka mutum ɗaya, reza ɗaya sabuwa, a ɓare ta a gabanka. Ko kuwa ka mallaki askarka. Haka ma ranar suna: jariri sai da sabuwar reza, kuma ba a sa masa sifirit ko alif a ka. Tun 2004 aka sa rigakafin wannan ciwo cikin alluran yara a Nijeriya, amma mu da aka haifa kafin nan, galibinmu ba mu samu ba. A je a yi gwajin jini, wanda ba ya da ita a yi masa allurar.

Wanzamai, sana'arku gado ce mai daraja, kuma wuyanmu muke miƙa muku. In mutum ya zo da rezarsa, kada ku ga kamar ya raina ku. Mu kuma kada mu yi ƙyashin ƙara kuɗin reza a kan ladan aski. Rigakafi ya fi magani.

 Allah ya ƙara mana lafiya, ya bar mu tare.