Guzurin Mai Kwana a Daji: Abinci da Ruwan Sha a Ƙasar Zuru



A Turai da Amurka mutane kan kafa tanti a daji don shaƙatawa. A ƙasar Zuru kuwa kwanan daji aiki ne. Manomi yakan tare a bukkar gona lokacin girbin dawa, makiyayi ya bi garkensa, mafarauci ya yi kwanaki bai ga gida ba, ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 su fita aikin gani da ido. Rashin tsaro a Danko-Wasagu da Sakaba ya rage irin wannan fita, ya kuma ƙaro wasu masu kwana a waje, wato 'yan sa-kai da waɗanda aka raba da gidajensu. Abin da nake son kafawa a wannan takarda shi ne, guzurin da iyayenmu suka sani ya fi wanda muke saye a kanti yau, muddin an gyara masa abu biyu: ruwa da ajiya.

Ku leƙa jakar saurayin da zai kwana uku a gona. Indomi ne, biskit, lemon kwalba, sai abin shan nan na ƙara kuzari. Kusan duka gari ne da sukari da mai da gishiri. Suna tashin ƙarfi nan take, kafin azahar jiki ya mutu, daga nan wasu su nemi taimakon tiramadol. Mai riƙe da fartanya tun asuba yana bukatar abin da zai zauna masa a ciki, ya kuma gina tsoka.

Wannan kuwa muna da shi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin gyaɗa sinadarin gina jiki ne, ƙuli-ƙuli ma ya fi haka tunda an matse mai. Dakuwa, kilishi, busasshen kifi irin wanda ake kawowa daga Yauri, dabino da aya, babu mai bukatar firji a cikinsu. Garin dawa ko na gero yana ba da kunu da tuwo, in aka haɗa da wake sai kowanne ya cike abin da ɗayan ya rasa. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, zogale da daddawa ba su da nauyi, ga shi miya ta samu. Ni dai na fi ba garin ƙwallon kuka muhimmanci, domin yana cike da bitamin C, kuma shi ne zai tsaya a madadin lemo da mangwaro da ba sa jure tafiya. Sai dai a tsince gyaɗa kafin a soya. Wadda ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta, suya kuma ba ta kawar da ita. A Kenya a 2004 masarar da ta kamu da wannan guba ta kashe mutum 125.

Ruwa ne inda aka fi faɗuwa. Najeriya ta samu shaidar rabuwa da kurkunu a 2013, sai mutane da yawa suka ɗauka ruwan rafi ya zama lafiya. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 3,000, akasarinsu a Arewa. Ruwan da ya yi garau a ido yana iya ɗauke da ita. A tace da tsabtataccen ƙyalle, a tafasa ya yi minti ɗaya yana zaɓalɓala, ko a sa ƙwayar kulorin a jira minti 30. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma kuskuren ɗauka cewa yana tsarkake ruwa ya yaɗu ƙwarai. Duk mai fita ya riƙe sukari da gishiri: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan haɗi ne zai riƙe mai gudawa har a kai shi asibiti.

Batun ajiya gajere ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi. Shinkafa da wake da aka dafa da safe aka rufe a kula cikin zafin Maris, zuwa la'asar sun zama abin tsoro. A dafa daidai ci, ɗumame kuma ya yi zafi har cikinsa. Gari da ƙuli-ƙuli a rufe su a bokiti mai murfi, saboda ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa, bukkar gona kuwa gidansa ce.

Akwai abin da ke tayar mini da hankali fiye da waɗannan duka, kuma kowa a cikinmu ya taɓa ganinsa: jarkar maganin feshi da aka ɗauraye ake zuba ruwan sha ko kunu a ciki. Roba tana riƙe maganin, wanki ba ya fitar da shi gaba ɗaya. Ina roƙon malaman gona, shugabannin ƙungiyoyin manoma da masu sayar da maganin a kasuwar Zuru, Ribah, Mahuta da Dirin Daji su riƙa faɗa wa mai saye ya ɗauraye jarkar sau uku, ya juye ɗaurayar a tankin feshi, sannan ya huda gindinta yadda ba za ta sake riƙe ruwa ba. Iyayenmu hakimai da dagatai kuma su sa a yi shelar wannan kafin faɗuwar damina, lokacin da ake sayen maganin.